Ranar da Aka Yi wa Jandarma Kashe

Zaman lafiyar birnin Lome, a iya abin da na gano cikin shekara talatin da biyu ina aiki, ya rataya ne a kan wani ɗan littafi mai shafi takwas wanda bai kai tafin hannu ba. Masana tarihi sun cika ɗakunan karatu da labarin sarakuna da tashar jiragen ruwa, amma har yau ba wanda ya tsaya ya yi wa wannan littafi adalci. Shi ne takardar rigakafin kare. Da Faransanci ana rubuta shi carnet, mu a Zongo mu ce karne, kuma tun da jam'in kare a Hausa karnai ne, ban taɓa gamuwa da wanda ya manta sunan ba.

Samarin da ke zama a bencin ƙofar shagona ne suka sa na ɗauki alƙalami. Kullum sai ɗayansu ya ce, "Baba Idi, aikinka fa c'est facile, ba wuya, tsira allura ne kawai." Wani ma ya ce ya kalli yadda ake yi a waya, minti uku ya ishe shi. Na ce masa karen da ke cikin waya ba ya juyowa.

Sunana Idrisu. Ni ba likita ba ne, mataimakin likitan dabbobi ne. A gabana mutanen Zongo suna ce mini Dokta, a bayana Idi Mai Kare, kuma na biyun ya fi kusa da gaskiya. Mahaifina dillalin raguna ne, burinsa in zama malamin makarantar boko. Na zama ɗin, na shekara biyu ina koya wa yara jam'i da tilo, kafin wani likitan dabbobi Ba'ewe, wato ɗan ƙabilar Ewe, da ke zuwa duba ragunanmu ya ce yana neman wanda ya iya rubutu mai kyau kuma ba ya gudun kashin dabba. Sunansa Komlan, muna ce masa Mushe Komlan, wato monsieur a bakin Zongo. Sai da muka shekara tare na gaya masa abin da mushe ke nufi a Hausa. Ya ce ga mai aikin dabbobi ba laifi.

Wata shida na yi a shagonsa da ke Hedzranawoe ban taɓa allura ba. Aikina ɗaukar gilasiya, akwatin sanyin da ake zuba ƙanƙara a ajiye kwalaben magani. Maganin haukan kare ba ya son zafi, ba ya kuma son ya daskare, saboda haka ba a ɗora kwalba a kan ƙanƙara kai tsaye, sai an sa tsumma a tsakani. Wata rana na bar akwatin a bayan babur cikin rana na shiga sallar azahar. Da na fito Mushe Komlan bai yi faɗa ba. Ya buɗe, ya taɓa kwalaben da bayan hannu, ya juye su duka a kwata, sannan ya ce, "Yanzu da ka yi wa kare wannan, ka ba shi ruwa, ka ba mai shi takarda, shi kuwa ya bar ɗansa yana wasa da shi da kwanciyar rai. Wanda ba a yi masa komai ba ya fi shi, don shi ana tsoronsa." Tun daga ranar da akwatina nake shiga masallaci, in ajiye shi wurin takalma, a inuwa.

Karen farko da na yi wa allura a Baguida ne, a wani gidan bakin teku, ƙato mai gashi wanda ke da ranar haihuwa a rubuce, abin da ni ban da shi. Na kama fatar bayan wuyansa na ɗaga kamar yadda aka koya mini, na tura allura da ƙarfin zuciya, na danna. Sai na ji sanyi a babban yatsana. Allurar ta shiga ta nan ta ɓulla ta can, magani ya zube a siminti. Mushe Komlan ya dubi ƙasa ya ce wa matar gidan, "Madam, daɓenki ya tsira daga hauka na shekara guda. Yanzu za mu yi wa karen."

Mahaifiyata ta je wurin malamin unguwa a kan wannan aiki, tana tsoron kada sallata ta lalace. Malam ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, in wanke hannu in yi alwala, kuma hana ciwo ya kama mutane aikin lada ne. Mahaifina ya karɓi fatawar da hannu biyu, sannan ya saya mini butata ni kaɗai.

Kayan aikin ba su da yawa. Sirinji da allura sabuwa ga kowane kare, ma'aunin zafi, auduga, safar hannu, hatimi da tawadarsa, sai bandeji dogo. Akwai takunkumin fata na kanti, ina da guda uku, amma bandejin na fi yarda da shi, don kowane baki yana shiga: ka yi zarge, ka zo ta baya, ka zura a dogon bakin, ka ɗaure a ƙarƙashin haɓa, ka zagaya bayan kunne. Wanda ya zo wa kare ta gaba yana murmushi, a ganin kare haƙora yake nuna masa. A jikin kowace kwalba kuma akwai 'yar takarda mai lamba da ake ɓarewa a manna cikin karne. Ita ce shaidar. Sa hannu ba tare da ita ba zane ne kawai.

Tsohon kare kuwa darasi ne dabam, kuma nan ne waya ba ta da abin cewa. Ba a ɗora shi kan tebur, kai ne za ka durƙusa. Fatarsa ta saki, allura na saurin ɓullewa. Kafin ka taɓa kwalba sai ka auna zafinsa, ka saurari ƙirjinsa, ka ja fatar ido ka duba launinta. In yana zazzaɓi, ka mayar da kayanka ka dawo wani mako. Masu shi kan ce, "Ai ya tsufa da allura, a bar shi ya ƙarasa." Sai in ce dokar ba ta ba kare fansho ba, ciwon ma bai ba shi ba.

Masu kare iri-iri ne. Na Baguida su tare ka da karne a cikin leda, kowane shafi a cike. Kanikawan Adidogome su ce ka jira a fito da shi daga ƙarƙashin mota. A Zongo kuwa ba mai kare. Ka shiga gida ka tarar da shi kwance a zaure, ga kwanonsa, ga tsohon buhun da yake kwana a kai, ka tambaya, a ce maka na maƙwabta ne. Ka je maƙwabta su ce na layi ne. Shekara da shekaru ina yi wa karnukan da ba na kowa ba allura, kuma ban taɓa rasa wanda zai kawo mini kujera ba.

Sai ga mummunar shekara. Wani kare ya ciji mutane a bakin kasuwa, ɗaya daga cikinsu bai je asibiti da wuri ba, ya rasu. Wanda bai taɓa ganin wannan ciwo a jikin ɗan Adam ba, ina roƙa masa kada ya gani. Gari ya ruɗe, aka shiga jifan duk abin da ke da wutsiya. Ga wutar lantarki na yawan ɗaukewa a lokacin, har sai da na riƙa kai kwalabena firjin wata mai sayar da kifi mai janareta. Ofishin magajin gari, wanda muke ce wa meri, ya fitar da sanarwa: mako biyu, kowane kare a yi masa rigakafi, a kai shi da karnensa teburin da aka kafa a harabar makarantar firamare, a buga hatimin hukuma, a rataya masa lamba a wuya. Bayan wa'adin mota za ta zaga. Karen da ba lamba a ɗauke shi, kuma ba a dawowa da su.

Tunanina ya tafi kan Jandarma. Karen marigayi Alhaji Sani ne, abokin mahaifina a dillancin raguna. Shi ya kawo shi gadin garke, ya sa masa wannan suna saboda ba ya barin kowa ya wuce sai ya yi bayani. Alhaji ya rasu, an daɗe da sayar da ragunan, ya rage matarsa Mma Ladi, mai sayar da atamfa a gida, da karen a zaure. Ya tsufa, gemunsa ya yi fari, amma haushinsa daga cikin duhun zauren nan har yanzu yana sa mai talla ya tsallaka ɗaya gefen titi. Na san ranar da mota za ta zo, gidan za a fara nunawa.

Na yi sallama, muka gaisa, na tambayi ƙafarta da ciniki.

"Mma, na zo ne saboda karenku."

"Karen wa?"

"Wancan na zaure."

"Ba namu ba ne. Na marigayi ne."

"Allah ya jiƙan Alhaji. To wa ke ba shi abinci?"

"Ba mai ba shi. Ragowa nake zubarwa. Laifina ne in yana kwance a wurin?"

"A cikin kwano kike zubarwa, Mma?"

"So kake in ƙazantar da gida?"

Tsohon karnensa ya ɓace, ko ya bi takardun Alhaji ko ɓeraye sun karanta shi. Na ce zan buɗe sabo. Ta ce in yi abin da zan yi, ita ba ruwanta, sannan ta tsaya daga nesa ta ce, "Jandarma, natsu." Ya natsu. Na zo ta baya na ɗaure bandeji, na auna, na saurara, na yi allura, na manna takarda. Ina haɗa kaya na faɗi maganar da ta fi kowace magana tsada a aikina.

"Allura ta shiga, Mma. Saura abu ɗaya. Ran Litinin zan zo mu kai shi wurin mutanen meri a yi kashe, shi ke nan an huta."

"A yi me?"

"Kashe. Minti ɗaya ne, ba ya ma ji. Duk na unguwa za a yi wa."

Ta dube ni, ta dubi karen, ta ce, "To."

Ku da kuka yi boko kun riga kun ga ramin. Hatimi da Faransanci cachet ne, kuma a baki kashe yake fita. Shekara ashirin ina faɗarsa a shago da ofis har na manta cewa kalmar tana da wani aiki a harshen da na sha a nono. Ni da na koya wa yara nahawu.

Ran Litinin na tarar da zaure fayau, an share, ba kwano ba buhu.

"Ina Jandarma?"

"Ya tafi."

"Ina?"

"Sallama ya yi mini?"

Na zaga unguwa, na duba kwata da bola, na tambayi 'yan zemijan, masu acaɓarmu, ko sun ga tsohon kare a hanya. Ba wanda ya gani. Na koma Laraba, na koma Juma'a, amsa ɗaya. Na ɗauka sa hannu take gudu, don na san akwai gurbin sunan mai kare a takardar, kuma na san Zongo. Wa'adin zai cika Asabar da sha biyun rana.

Asabar da hantsi na sake zuwa, wannan karo da babur har bakin ƙofa. Ban kashe inji ba sai na ji haushi, a shaƙe, daga ɗakin da take ajiye atamfa. Nan take Mma Ladi ta kama tari.

"Sannu, Mma. Tarin nan kamar yana da ƙafa huɗu."

Ta ajiye tsintsiyar hannunta. "Idi, na san uwarka. Ni na dama kunun sunanka. Ka shigo gidan nan ka tsira masa allura da sunan magani, ashe sharar hanya kake yi a kai shi a kashe. Har kana ce mini an huta. Wa ya gaya maka na gaji?"

Sai a lokacin na ji maganata da kunnenta. Na buɗe jaka, na ciro hatimina, na danna a tawada, na buga a tafin hannuna, na nuna mata.

"Wannan ne kashe, Mma."

Ta matso ta duba. "Wannan ai hatimi ne."

"Shi ne."

"To bakinka ciwo yake da ba za ka ce hatimi ba? Kwana biyar dabba na kulle cikin kayan mutane, ina share masa da hannuna, saboda uban wani ya sa ɗansa boko!"

Ta buɗe ɗakin. Yana kwance a tsakanin turamen atamfa masu tsada, an shimfiɗa masa tsohon zane, ga ruwa, ga 'yar fanka tana juyawa a kansa.

Na ce lokaci na tafiya, na buɗe karne a shafin farko, na nuna mata gurbin. Sunan mai kare da sa hannunsa.

"Rubuta Alhaji."

"Ba sa karɓar mamaci."

"Rubuta naka."

"Ni na yi allura, ba a yarda in zama mai shi ba. Kuma adireshin gidan nan ne."

"Sau biyu na je Makka, Idi. A buɗe littafin gwamnati a ga Hajiya Ladi, a gefenta kare?"

"In gurbin nan ya zauna fanko, Litinin ba hatimi za su yi masa ba. Ɗayan za su yi."

Ta leƙa ɗakin, ta dubi Jandarma. Sannan ta karɓi biro, ta zauna a bakin ƙofa, ta ɗora littafin a gwiwa, ta rubuta sunanta da ajami, daga dama zuwa hagu, a hankali, da wasali da komai.

"Su je su karanta in sun iya," ta ce.

Ban gaya mata cewa ma'aikatan meri ne kaɗai ba za su iya ba, duk Zongo kuwa za ta iya. Na rubuta shi da boko ƙanana a ƙasa.

Muka fita, ni riƙe da igiya, Jandarma da bandeji a baki yana tafiyar tsofaffi, ita kuma taku goma a bayanmu, tana kallon gefe kamar wadda ta fito sayen gishiri. Rabon unguwa da ganinsa a fili an daɗe. Mata suka janye yara, masu shago suka leƙo, kafin mu kai makarantar muna da 'yan rakiya kusan cikin aji guda.

A teburin, ƙarƙashin mangwaro, akwai wani ma'aikaci Ba'ewe mai tabarau, ya riga ya fara tattara takardu. Ya karɓi karne yana bi layi-layi da bakin biro. Suna, launi, jinsi, lambar kwalba, mai shi. Ya tsaya.

"Shekaru fa?"

Gurbin fanko ne, kuma laifina ne. Shekarun kare a haƙori ake karanta su, ni kuwa ranar allura na auna sunan Jandarma na auna yatsuna, na ce wannan gurbi zai iya jira.

Na juya na tambayi Mma Ladi. Daga taku gomanta ta ce tun kafin Alhaji ya sayi motar ɗaukar raguna yake nan. Ma'aikacin ya ce wannan ba lamba ba ce. Ya dubi agogo. Takarda mai giɓi ba ya buga mata hatimi, in buɗe bakin a duba, ko mu ba na baya wuri.

Na durƙusa, na sa safar hannu biyu a hannu ɗaya. Ina taɓa ƙullin bandejin sai na ji ta a kaina.

"Idi, ba a gaban mutane ba."

Na ɗauka tsoron take kada ya kufce ya faɗa cikin taro. Kafin in yi magana ta ware mayafinta, ta buɗe shi da hannu biyu kamar labule, ta tsaya tsakaninmu da jama'a. "Jandarma, natsu," ta ce. Na kwance, na ɗaga leɓe, na buɗe bakin. Ma'aikacin ya sunkuyo ya gyara tabarau. Ya duba sama, ya duba ƙasa. Ya dube ni. Na dubi mangwaro.

Mma Ladi ta yi masa magana da Mina, yaren kasuwar Lome, ƙasa-ƙasa, ba ta sauke mayafin ba. "Fo, ɗan'uwana, gadi ne aikin karen nan, ba shi da wani. Ni kaɗai ce a gidan. Ka rufa masa asiri, Allah ya rufa naka."

Mutumin ya koma kujerarsa. A gurbin shekaru ya rubuta da Faransanci, tsoho ƙwarai. Ya ɗaga hatimi ya buga har tebur ya motsa, ya miƙo mini lambar ƙarfe, sannan ya miƙe tsaye ya daka wa taron tsawa.

"Ku ja baya! Kai, Dokta, ɗaure shi da kyau kafin ka tashi. Irin wannan ba a wasa da shi."

Taron ya dare. Na ɗaure bandeji ƙulli biyu, muka koma gida ta tsakiyar titi.

Litinin mota ta zo, aka nuna gidan kamar yadda na zata, suka haska lambar daga bakin ƙofa suka wuce. Jandarma ya ƙara damina biyu a zauren. Kowace shekara ina zuwa in yi masa allurarsa, da bandeji da safar hannu, ƙofa a buɗe don masu wucewa su gani. Ko ƙyalle ba a taɓa ɗauka a gidan ba. Ya mutu a kan buhunsa, Mma Ladi ma ta rasu bara waccan, Allah ya jiƙanta, saboda haka yanzu ba wanda maganar za ta cutar.

Jandarma ba shi da haƙori ko ɗaya.